Me ake nufi da na'urar hoton asibiti ta "tafi-da-gidanka"?

A 'yan kwanakin nan da wuya a ji labarin ƙaddamar da kayan asibiti a rediyo ba tare da an ambaci "na'urar sikanin ta tafi-da-gidanka" ba. Masu jawabi su faɗa, masu karanta labarai su maimaita, alhali sau da yawa abin da ake nufi bai wuce na'urar da aka sa wa taya ba, wadda za ta zauna a ɗaki guda a babban birnin jiha, marar lafiya kuma ya ci gaba da biyan kuɗin mota yana zuwa wurinta. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kalmar ta zo da sharaɗinta a bakinta.

Bahaushe bai tsaya a "tafi" ba, sai da ya ƙara "da gidanka", kamar yadda kunkuru ke yi. Kotun tafi-da-gidanka ta ci sunanta ne saboda alƙali da magatakarda da takardu duk sun taso sun zo bakin titi. To, ita na'urar hoto, mene ne gidanta?

A ɗauki MRI, wadda ake leƙa ƙwaƙwalwa da ita. Wadda aka saba gani a manyan asibitoci tana da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), nauyinta tan da yawa ne, kuma dole a riƙa sanyaya maganaɗisun da ruwan hiliyom mai sanyin da ya kai kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da jan ƙarfe don kare ta daga igiyoyin rediyo, kuma ba a shiga ɗakin da tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe, domin maganaɗisun zai fizge ta kamar harsashi. Duk wannan shi ne gidan. Wanda ke son ƙera ta tafi-da-gidanka, aikinsa shi ne ya yi ta rage gidan nan har ya zama abin ɗauka, kuma kowane ragi yana da abin da yake ci.

Haka kamfanin Hyperfine na Amurka ya yi da na'urarsa Swoop, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 2020. Sun sauke ƙarfin maganaɗisun zuwa tesla 0.064, bai ma kai kashi ɗaya cikin ashirin na wanda aka saba ba, saboda haka babu buƙatar hiliyom ko ɗaki na musamman, kuma a soket ɗin bango ake jona ta. Ana turo ta har kan gadon marar lafiya, a zura kansa ciki, na'urar numfashi da ledar ƙarin ruwa suna nan a jikinsa, ɗan'uwansa na zaune a gefe. An yi aiki da ita a asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi. Abin da aka sadaukar shi ne kaifin hoto, wanda ake ƙoƙarin gyarawa da manhajar kwamfuta, kuma kai kaɗai take ɗauka. A ganina wannan ciniki ne mai riba. Wanda ya ga an kwantar da tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye a kan katifa a bayan akori-kura, ana ratsa ramuka da ita sa'o'i uku don a ɗauki hoto, ya san hoto mai ɗan dishi-dishi a kan lokaci ya fi kyakkyawan hoton da ba a kai gare shi ba. Shanyewar jiki iri biyu ce, ta toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa da ta fashewarta, kuma maganin narkar da gudan jini, wanda ake so a bayar cikin sa'o'i huɗu da rabi da farawar ciwon, yana iya kashe wanda jijiyarsa ta fashe. Hoto ne kaɗai ke raba gardamar.

Sai dai ko ita Swoop nauyinta ya haura kilo 600, don haka tafiyarta daga wannan ɗakin jinya zuwa wancan ce, ba ta hawa babur ta shiga ƙauye. Waɗanda ke shiga ƙauye da gaske su ne na'urar hoton ƙirji da ake goyawa a jaka, wadda ke aiki da batir, irin wadda masu neman masu tarin fuka ke kafawa a ƙofar gidan mai unguwa a wasu jihohinmu, da kuma ƙaramar na'urar sikanin ciki da ake jonawa a waya, irin Butterfly iQ, wanda ungozoma za ta iya sawa a aljihu.

Nan kuma akwai wani ruɗanin, wato yadda aka mai da komai "sikanin". Wanda ake yi wa masu juna biyu da sauti yake aiki, kuma ba ya ratsa ƙoƙon kan babban mutum sosai. Hoton ƙirji kuwa ba ya nuna ƙwaƙwalwa. Idan aka ce wa jama'a an kawo musu sikanin ba a fayyace wanne ba, mai ciwon kai zai taso daga nesa ya tarar da na'urar duba ciki.

Ɓangaren gidan da ya fi wuyar ɗauka shi ne mutumin da zai karanta hoton, domin ƙwararrun wannan fanni a manyan birane suka taru. Shi ya sa ake tura hoton ta intanet ga likitan da ke nesa, shi ya sa kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen tantance hoton ƙirji don gano tarin fuka a jikin 'yan shekara 15 zuwa sama.