Waiwaye: yadda gundumar Fairfax ta koma mai roƙon izini a Richmond kan kuɗin makarantu

Duk ƙarshen shekara shugabannin gundumar Fairfax, wadda ke jihar Bajiniya ta Amurka dab da birnin Washinton, sukan zauna su rubuta jerin buƙatun da za su kai wa majalisar dokokin jiha kafin ta fara zama a watan Janairu a Richmond, babban birnin jihar. Kuma kusan kullum abu biyu ne a sama: jiha ta biya kasonta na kuɗin makarantu yadda ya kamata, sannan a sakar wa gunduma mara ta yi abin da ya dace da mutanenta. Wanda bai san asali ba zai ce ai gunduma ce mai arziki, mutum sama da miliyan ɗaya, me kuma take nema. To abin ya samo asali tun da nisa.

A 1868 wani alƙali a jihar Iowa mai suna John Dillon ya yanke hukunci cewa ƙaramar hukuma ba ta da wani iko sai wanda jiha ta ba ta ƙarara, in kuma akwai shakka to ba ta da shi. Kotun ƙolin Bajiniya ta rungumi wannan ƙa'ida a 1896 kuma har yau a kanta ake. Wato gunduma ba za ta ƙirƙiro haraji ba, ba za ta yi wata doka ta ƙashin kanta ba, sai ta je Richmond an ce mata to. Hukumar makarantu kuwa ita ko ikon karɓar haraji ba ta da shi sam, sai ta tsara kasafinta ta miƙa wa shugabannin gunduma su ga abin da za su iya.

Amma fa kar a ɗauka duk wanda ya ce a bar wa gunduma iko yana da gaskiya kai tsaye, domin jihar ta taɓa ganin mugun abu ta wannan ƙofa. Bayan kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe a 1954, gundumar Prince Edward ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya da ta haɗa yaran a aji ɗaya. Daga 1959 har 1964 a rufe suke, 'ya'yan farare aka buɗe musu makarantar kuɗi, 'ya'yan baƙar fata da yawa suka yi shekara biyar ba aji ba allo, wasu aka tura su wurin dangi a wasu garuruwa, wasu kuma karatun ya tafi ke nan. Shi ya sa tsarin mulkin jihar na 1971 ya ɗora wa majalisa nauyin tabbatar da ilimi mai inganci, aka kafa mizanin da kowace makaranta dole ta cika, jiha da gunduma su raba kuɗin. Ni a ganina wannan ya yi daidai, ba na so a taɓa shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin rabon. Akwai wani lissafi da ake auna ƙarfin aljihun kowace gunduma da shi: kashi 50 cikin ɗari darajar gidaje da filaye, kashi 40 kuɗin shigar mazauna, kashi 10 cinikin shaguna. In lissafin ya nuna kuna da ƙarfi sai jiha ta rage abin da take ba ku. Fairfax kullum tana sama, saboda haka kusan kashi 70 na kuɗin makarantunta daga aljihun gunduma yake fitowa, wajen rabin kasafin gundumar ke nan, ga ɗalibai kusan dubu 180, da yawansu 'ya'yan baƙi da ke koyon Turanci yanzu, ga tsadar haya da ta sa malami ba ya iya zama a unguwar da yake koyarwa, kuma lissafin bai cika damuwa da wannan ba. Daga ina gunduma za ta samo? Harajin gida, shi ne babban abin da aka bar mata, sai ka ga dattijuwar da ta gama biyan gidanta tuntuni takardar haraji na ƙaruwa duk shekara alhali fanshonta na nan inda yake.

Lokacin karayar tattalin arziki na 2009 jiha ta sa iyaka ga yawan ma'aikatan tallafi da za ta biya wa kasonta, irin su masu shara, sakatarori, masu gyaran kwamfuta, aka ce na ɗan lokaci ne, sai ga shi ya kwashe fiye da shekara goma gundumomi na cike giɓin. A 2023 hukumar bincike ta majalisar da kanta ta fitar da rahoto cewa abin da ake kashe wa ɗalibi a Bajiniya ya gaza matsakaicin jihohi 50 da kashi 14 cikin ɗari, kuma lissafin jiha ya gaza abin da makarantu ke kashewa a zahiri da dala biliyan 6.6. Wannan ba zargin 'yan gunduma ba ne fa, masu binciken majalisa ne suka faɗa, abin da ciwo.

Ta ɓangaren iko an ɗan matsa. A 2020 majalisa ta ba gundumomi damar sa harajin abincin gidajen cin abinci ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba, abin da birane suka daɗe suna yi, duk da mutanen Fairfax sun taɓa ƙin sa a ƙuri'a a 1992 da 2016.

Ginin makarantu kuma, zuwa 2025 dai da saura. Fiye da rabin makarantun jihar sun haura shekara 50, kuma tun da aka ba gundumar Halifax izini a 2019 ta ƙara kashi 1 na harajin ciniki don gina makarantu in jama'a sun amince, zuwa 2025 wurare tara kacal suka samu irin wannan dama, kowanne sai da ya je ya roƙa shi kaɗai. A 2024 majalisa ta amince a ba kowa, gwamnan wancan lokaci Glenn Youngkin ya hau kujerar na ƙi, a 2025 ya sake maimaitawa.