Ƙawanyar garin Turgai ta 1916: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

A 1916 makiyayan ƙabilar Kazak sun yi wa mulkin Rasha bore, mayaƙansu suka yi wa garin Turgai ƙawanya.

Ina ne Turgai?

A tsakiyar ƙasar Kazakistan ta yau, cikin fili fetal. Sansanin soja ne da Rasha ta kafa a 1845, daga baya ya zama ƙaramin gari kuma hedikwatar gunduma.

'Yan kwaminis ne suka tayar da boren?

A'a. An faɗa, an sake faɗa. A 1916 Sarki Nikolas na Biyu yana kan gadonsa, juyin juya hali bai zo ba sai 1917. Amangeldi Imanov, ɗaya daga cikin jagororin boren, ya koma ɓangaren Bolshebik, wato 'yan kwaminis na Rasha, daga baya, shi ya sa littattafan zamanin Tarayyar Sobiyet suka mayar da shi gwarzo, suka rufe sunan Abdigappar Janbosinov, wanda shi jama'a suka naɗa Khan, wato sarkinsu. Amangeldi sarkin yaƙinsa ne. Duk wanda ya ba da labarin nan bai ambaci Abdigappar ba, rabin labari ya bayar.

To me ya jawo shi?

Dokar da Sarki Nikolas ya sa wa hannu ranar 25 ga Yuni 1916: a kwashi mazan ƙabilun da ba Rashawa ba, daga shekara 19 zuwa 43, su je aikin ƙarfi a bayan fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, haƙar ramuka da gyaran hanya. Makiyaya ba su da takardar haihuwa, saboda haka shugabannin gundumomi ne ke rubuta shekarun mutum yadda suka ga dama. Mai dukiya ya ba da cin hanci a cire ɗansa, a cike gurbin da ɗan talaka. Ga kuma tsohon ciwo na filayen kiwo da aka yi shekaru ana ƙwacewa ana ba manoman da aka kwaso daga Rasha.

Mahaya dubu 15 sun kewaye ɗan ƙaramin gari, yaya aka yi suka kasa cinye shi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa guda. A fara da adadin. Dubu 15 shi ne abin da aka fi ambata, amma ƙiyasi ne, kuma ba kowane mahayi ke riƙe da bindiga ba. Akasarinsu mashi, gatura, takubba da kulake gare su, sai bindigogin toka da maƙeransu suka ƙera ko suka gyara. Ƙwararrun maharba kaɗan ne, irin su Keiki Batir. Sojojin da ke cikin garin ba su da yawa, amma suna bayan shinge da bindigogin zamani, kuma filin da ke gabansu babu itace babu tudu. Doki abin kai farmaki ne a sarari. Da an shiga tsakanin gidaje ya zama abin hari.

An fara ƙawanyar ranar 22 ga Oktoba. A farkon Nuwamba suka kai babban farmaki, suka kutsa gefen gari, gidaje suka ƙone, amma ba su karya masu tsaro ba. Ba su da igwa ko ɗaya, kuma wanda ba shi da igwa abin da ya rage masa shi ne ya jira yunwa ta yi masa aiki.

Jiran nan kuwa ya fi cutar da na waje. Kowane mahayi yana da doki aƙalla ɗaya, dubban dawakai a wuri guda sukan cinye ciyawar kewaye cikin 'yan kwanaki, ga hunturu ya kawo jiki, ga iyalai da garkuna an baro su a mashaya. Mai yiwuwa ne rabuwar rundunar bisa zuri'a ta ƙara rage ƙarfin farmakin, domin Kipchak suna da Khan ɗinsu, Argin suna da nasu, ko da yake Amangeldi ya tsara mayaƙa goma-goma, hamsin-hamsin, ɗari-ɗari da dubu-dubu. Nauyin wannan dalili abin muhawara ne. Wanda ba a musu a kansa shi ne zuwan rundunar Janar Lavrentiev da igwa da mashinga da mahayan Kosak, sojojin doki na Rasha. Layin dogon Orenburg zuwa Tashkent ya kawo su kusa, suka ƙarasa a ƙasa. Da suka matso, a tsakiyar Nuwamba, sai aka janye ƙawanyar.

Ashe an ci su da yaƙi ke nan?

Kada a yi gaggawa. Sun ja da baya zuwa yankin Batpakkara, suka koma kwanton ɓauna da tare ayarin kayan soja. An gwabza a Dogal-Urpek a Fabrairun 1917. Boren Jizak da na Semirechiye, wasu yankunan tsakiyar Asiya da su ma suka tayar, an murƙushe su tun a 1916 da kisa mai yawa, na Turgai kuwa yana nan da ransa har Sarki Nikolas ya sauka daga mulki.

Masu ilimin Kazak sun ci amanar jama'a ne?

Haba, a yi musu adalci. Alihan Bukeihanov da Ahmet Baitursinov da Mirjakip Dulatov, ta jaridarsu Qazaq da ke fitowa a Orenburg, sun roƙi mutane kada su ɗauki makami, suka nemi gwamnati ta ɗage kwasar ta kuma gyara jerin sunaye. Sun san abin da mashinga ke yi wa mai mashi. Biyu daga cikinsu, Baitursinov da Dulatov, 'yan yankin Turgai ne, danginsu ne za a harbe.

Me ya sa ranakun ke saɓawa daga littafi zuwa littafi?

Rasha tana kan tsohuwar kalanda a lokacin. A ƙara kwana 13 a kan ranakun da ke sama.

Ina shugabannin suka ƙare?

Dukansu biyu an kashe su a 1919, lokacin yaƙin basasa: Amangeldi a watan Mayu a hannun abokan gabar Bolshebik, Abdigappar kuma a ƙarshen shekarar a hannun Jar Runduna, wato sojojin Bolshebik.