Gatura 575 na Melka Kunture: Inda Muhawarar Ta Samo Asali

Tun daga 2023, lokacin da masu tonon kayan tarihi suka ba da sanarwar samun gatura 575 na obsidiyan, wani baƙin dutse mai sheƙi, a Simbiro, cikin yankin Melka Kunture da ke bakin kogin Awash a Habasha, ake ta ja-in-ja a kan ko ya dace a kira wurin masana'anta, ganin cewa shekarunsa sun haura miliyan 1.2. Mamakin da aka nuna ya yi yawa, domin maganar ta daɗe tana tafe.

Labarin farko sananne ne: kayan aikin dutse masu shekara miliyan 2.6 da aka samu a wani wuri mai suna Gona a Habasha, da tonon da iyalan Leakey suka yi a Olduvai ta Tanzaniya, sai gano Melka Kunture a 1963.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin da masana biyu, Colin Renfrew da J. R. Cann, suka wallafa a 1964. Obsidiyan narkakken dutse ne da ya daskare da sauri bayan aman wuta, baƙi mai sheƙi kamar gilashi, wanda in aka ɓantare shi bakinsa kan fi aska kaifi. Su biyun suka nuna cewa kowane dutse mai aman wuta yana barin nasa haɗin sinadarai a cikin obsidiyan ɗinsa, saboda haka ana iya ɗaukar ɓallin da bai fi farce ba a faɗi tsaunin da ya fito. Daga nan tambaya ta tashi daga siffar gatari ta koma kan tafiyar mai shi. Ta wannan hanya aka gane cewa obsidiyan na kogon Franchthi a Girka daga tsibirin Milos ya zo, wato an ƙetare teku da shi, aka kuma gane cewa na Melka Kunture ya samo asali ne daga Balchit, wani wuri mai obsidiyan da ke nisan kilomita kaɗan. A Olorgesailie ta Kenya kuwa, an ga wanda aka ɗauko daga nisan kilomita 25 zuwa sama, shekara kusan 320,000 da suka wuce.

A ganina, tushen mamakin shi ne dogon lokacin da aka ɗauka ana auna hikimar mutanen farko da abin da aka tono a Turai, alhali shaidar cewa mazauna tsaunukan Habasha sun san inda dutsen kirki yake, suna kuma komawa gare shi zuriya bayan zuriya, ta riga ta taru tun kafin UNESCO ta sanya Melka Kunture da Balchit cikin wuraren tarihi na duniya a 2024.