Waiwaye: tsofaffin taswirori da sawun kakanninmu a Sudan

A yawancin gidajen Hausawan Sudan, tarihin zuriya jerin zangon tafiya ne. An taso daga Kano ko Sakkwato ko Haɗeja, aka bi ta Yarwa, aka haye zuwa Fort Lamy, sai Abeshe, sai Jinaina, aka yi damina ɗaya ko biyu a Nuhud ko Ubayyid ana neman guzuri. Wasu suka miƙe Sawakin suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda, wasu suka yada zango a bakin kogi, jikokinsu na nan har yau. Tsofaffinmu sun riƙe wannan jeri daram. Abin da yakan kuɓuce musu shi ne shekara da takamaiman wuri. Za a ce maka "zamanin da ake gina madatsa", ko "can kudu da garin Shehu wane, kusa da wata rijiya". A wannan giɓi ne tsofaffin taswirori suke shigowa, kuma a ganina ba mu ba su muhimmancin da ya kamata ba.

Aikin auna ƙasar Sudan gadan-gadan ya fara ne bayan yaƙin Karari na 1898, inda sojojin Ingila da Masar suka ci mabiya Mahadi, da yarjejeniyar 1899 wadda ta sa ƙasar ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar. Sabuwar gwamnatin tana bukatar sanin inda ruwa yake, inda mutane suke, da hanyar da soja ko mai karɓar haraji zai bi. Ma'aikatar safiyo ta Khartoum ta yanka ƙasar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da takardarta da lambarta, a ma'aunin 1:250,000. Wato santimita ɗaya a takarda yana daidai da kilomita biyu da rabi a ƙasa. Ba za ka ga gidan kakanka a irin wannan ma'auni ba, amma za ka ga ƙauyuka da rijiyoyi da hafirai (tafkunan da ake haƙawa don tara ruwan sama), da hanyoyin raƙuma, da ƙubbobin shehunai, da layin dogo da mashigar kogi. An riƙa gyara takardun ana sake buga su har zuwa samun 'yanci a 1956 da ma bayansa.

Abin da ya sa waɗannan takardu suka shafe mu kai tsaye shi ne lokacin da aka zana su. A watan Maris na 1903 Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kira hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka sauka a Shehu Ɗalha a bakin kogin Nilul Azraƙ (Blue Nile) wajajen 1906, daga baya suka haye yammacin kogin suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar. Akwai mutanen ƙasar Hausa da Barno a Sudan tun kafin haka, alhazai da almajirai da waɗanda suka zo zamanin Mahadi, amma a shekarun da suka biyo bayan Burmi ne aka yi ta kafa ƙauyuka a gaɓar kogin da wajajen Gadarif. Ke nan ana kafa garuruwanmu, masu safiyo suna yawo suna zanawa. Idan aka samu bugu biyu ko uku na takarda ɗaya aka jera su, ana iya ganin wurin da yake fili a bugun farko ya samu suna a na biyu, sai a ce ƙauyen ya kafu ne tsakanin nan da nan.

Sai dai a yi hattara da shekarar da ke gefen takarda. Sau da yawa shekarar bugu ce ko ta ɗan gyara, alhali ainihin awon an yi shi tun da daɗewa, wani lokacin ma daga rahoton wani jami'i da ya bi hanyar a kan raƙumi da kamfas a hannu. Ƙauye yana iya shekara goma da kafuwa kafin ya hau takarda. Taswira tana tabbatar da cewa wuri ya wanzu a lokacin bugu, ba ta tabbatar da cewa babu shi kafin nan ba.

Sunaye ma sun sauya, kuma wannan ya ɓatar da mutane da dama. Dattijon da ya ce mahaifinsa ya yi leburanci a Makwar, jikansa ya duba wayarsa bai ga Makwar ba, sai ya ɗauka tsufa ne. Alhali Makwar shi ne ƙauyen da aka gina madatsar Sinnar a kansa, wadda aka kammala a 1925, kuma garin Sinnar na yau a nan ya tashi, ba a kufan tsohon birnin sarakunan Funj ba. Fort Lamy ta koma Njamena a 1973. Sawakin ta yi baya ne bayan an buɗe Port Sudan a 1909. Layin dogo ya isa Ubayyid wajajen 1912, saboda haka wanda ya ce kakansa ya hau jirgin ƙasa daga can zuwa Kosti, ya ba ka iyakar shekarun da za ka duba ba tare da ya sani ba. Darfur kuwa ba ta shiga hannun gwamnatin Khartoum ba sai 1916, bayan faɗuwar Sarki Ali Dinar.

Inda al'amarin ya fi taɓa zuciya shi ne Jazira, yankin da ke tsakanin kogunan Nilu biyu a kudu da Khartoum. Aikin noman auduga da ya fara a 1925 ya samu taswirori masu tsananin daki-daki, kowane magudanin ruwa da kowace hawasha (gonar da aka yanka wa manomi) da lambarta, domin a kansu ake lissafin kuɗi. Mutanenmu da sauran 'yan yamma su ne suka yi kaso mai yawa na shuka da noma da tsinkar audugar nan. Amma da yawansu a kambo suka zauna, bukkoki a gefen magudani, wuraren da hukuma ba ta ɗauka a matsayin ƙauyuka masu rajista ba. Kana iya samun iyalin da aka haifi kaka da uba da ɗa a kambo ɗaya, ka duba takardar hukuma ka ga layin ruwa kawai. Wannan rashin ba kuskuren mai zane ba ne. Yana nuna wanda gwamnati ta ƙirga a matsayin mazauni da wanda ta ɗauka baƙo ne mai wucewa, kuma ya kamata mai binciken tarihin gidansu ya rubuta shi yadda yake, kada ya ji kunyarsa.

Batun ya wuce sha'awar tarihi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijirar Burmi a waje. Daga baya an sassauta shekarar, amma waɗanda ake kira Fallata, wato masu asali daga Afirka ta Yamma, sun daɗe suna shan tambayoyi a ofisoshin neman takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa. Al'ummar da aka sha ce wa jiya ta zo tana da dalili na musamman na sanin shekarar da sunan garinta ya fara bayyana a takardar gwamnati.

Akwai kuma wuraren da yanzu a takarda kaɗai suka rage. Madatsar Rusairis ta 1966, da ƙarin tsawon da aka kammala mata a 2013, sun tashi ƙauyukan bakin ruwa, cikinsu har da na Hausawa masunta da manoman gaɓa. Unguwar Ishash Fallata ta Khartoum an tashe ta a farkon shekarun 1990, aka mai da mutanenta unguwar Inƙaz. Yaron da aka haifa bayan haka ba zai iya nuna inda masallacin unguwar yake ba sai da tsohon zane.

Ina ake samun takardun? Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana Khartoum, amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sa zuwa can ya zama da wuya. A Ingila, Jami'ar Durham tana da ma'ajiyar tarihin Sudan tun 1957, cike da taswirori da rahotanni da hotunan jami'an mulkin mallaka. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa takardun 1:250,000 a intanet, ana iya buɗe su a waya a faɗaɗa. Ga wanda ya ɗan ƙware, akwai hotunan tauraron leƙen asirin Amurka mai suna Corona, na 1960 zuwa 1972, waɗanda aka saki ga jama'a a 1995; a cikinsu kambon da mai zane ya tsallake yakan fito, domin kyamara ba ta tambayar rajista. Wajen bincike sai an gwada rubutu iri-iri, saboda Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji ne daga bakin tafinta: Maiurno, Wad Medani, El Obeid, Geneina.

Yaƙin ya tarwatsa garuruwan Jazira da Sinnar, dattawa da yawa sun yi gudun hijira zuwa Gadarif da Kasala da Port Sudan, wasu sun rasu a hanya da abin da suka sani. Waɗanda suka rage su ne kaɗai za su iya ɗora yatsa a kan takarda su ce a nan maƙabartarmu take, wannan rijiyar wane ne ya haƙa ta, wannan ƙauyen da aka rubuta da sunan Larabci mu da Hausa kaza muke kiransa. Wanda ke da Kaka ko Baffa a kusa ya buga takardar yankinsu da girma, ya zauna da su, ya karanta musu sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya naɗi muryarsu a waya. A bayan takardar ya rubuta shekarar bugunta, da sunan wanda ya ba da bayanin, da sunan wanda shi ma ya ji daga bakinsa.