Waiwaye: Daga ina jinkirin tambayoyi a SQLite ya samo asali?

Muhawara a kan SQLite, rumbun bayanan da ake ɗinkawa cikin manhaja, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu rubuta manhaja. Wani ɓangare na cewa lokaci ya yi da za a daina raina shi, a ɗora masa shafukan intanet na gaske, tunda bayanan suna zaune a fayil ɗaya kusa da manhajar, babu kai da komowa zuwa wata sabar. Fitowar Litestream a 2021, mai kwafe fayil ɗin zuwa wani ma'aji ana cikin aiki, da Rails 8, sigar wani tsarin gina shafukan intanet, a ƙarshen 2024, wanda ya ba SQLite babban gurbi, sun ƙara wa waɗannan ƙarfin gwiwa. Ɗaya ɓangaren kuwa kukansu bai canza ba: tambayar neman bayanai da ke dawowa daga rumbun cikin ƙiftawar ido a kwamfutar gwaji, da ta isa hannun jama'a sai ta kwanta, ga kuma saƙon nan na "database is locked", wato rumbun a kulle yake, da ke faɗowa ba sallama. Ana maganar kamar jiya aka fara ta. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ya kai shekara 20 yana tsami.

Farkon labarin sananne ne. A 1970 Edgar Codd na IBM ya kawo tsarin ajiye bayanai a teburori masu alaƙa da juna. Daga nan aka samu SQL, harshen da mutum ke faɗin abin da yake so, ya bar wa injin ya nemo hanyar kawo shi. A 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta suka nuna yadda injin zai kimanta tsadar kowace hanya ya ɗauki mafi arha. A 2000 Richard Hipp ya fitar da SQLite, rumbun bayanai da ake ɗinka shi cikin manhaja, ba sabar, ba mai kula. Siga ta 3 ta fito a 2004, sannan Android da iPhone suka ɗauke shi suka baza shi duniya.

Yawancin masu ba da tarihin daga nan sukan yi tsalle zuwa 2010. Ni kuwa a ganina inda ya kamata a tsaya shi ne Agustan 2005, lokacin da wata siga mai lamba 3.2.3 ta fito, wadda ko lambarta ba ta nuna wani abin a zo a gani ya faru ba.

Abubuwa biyu suka shigo tare a wannan siga. Na farko, SQLite ya fara sauya jerin teburori da kansa idan tambaya ta haɗa tebur fiye da ɗaya. Kafin nan, yadda ka jera su a rubutunka haka zai bi su. In ka jera da kyau ka samu sauri, in ka jera ba daidai ba ka san wurin gyara. Na biyu, aka ƙara umarnin ANALYZE, wanda ke zagaya fihirisar kowane tebur, wato jerin da ke saukaka nemo layuka, ya ƙidaya yadda bayanan suka rarrabu, ya rubuta sakamakon a wani ɗan tebur mai suna sqlite_stat1. Wato an karɓe shawarar hanya daga hannun mutum an miƙa wa injin, an kuma ba injin abin da zai dogara da shi wajen yanke shawarar. Ci gaba ne babu ko shakka. Sai dai abin farko yana aiki da kansa a kowace tambaya, na biyun kuwa sai wani ya kira shi.

To wa zai kira shi? A manyan rumbunan da ke kan sabar akwai ma'aikaci da aikinsa ke nan, ko kuma wani shiri da ke gudana a bayan fage. Abin ban sha'awa, a shekarar nan dai, cikin Nuwamba, PostgreSQL 8.1, ɗaya daga cikin waɗannan manyan rumbuna, ya shigar da irin wannan shiri mai suna autovacuum cikin sabar kanta, wanda daga cikin ayyukansa har da sabunta irin wannan ƙididdiga, kuma daga siga ta 8.3 a 2008 yana zuwa a kunne. SQLite ba shi da wurin ajiye irin wannan mai gadi. Ba shiri ne mai zaman kansa ba. Yana farkawa idan manhaja ta kira shi, yana kwanciya idan ta sake shi. Rashin mai kula shi ne abin da ya sa aka so shi tun farko, kuma shi ne ya bar wannan gurbi a buɗe. Mai rubuta manhajar waya bai ɗauki kansa mai kula da rumbu ba. Mai riƙe da wayar ma bai san akwai rumbu a cikinta ba.

Bari mu ga abin a kusa. A ce akwai teburin oda mai layi miliyan ɗaya, da fihirisa biyu: ɗaya a kan lambar mai saye, ɗaya a kan matsayin odar, wanda iri uku ne kacal, ana jira, an aika, an soke. Aka nemi odar mai saye kaza da aka riga aka aika. Duk mai hankali zai ce a bi fihirisar mai saye, a ɗauko 'yan layukansa a tace. Amma idan ba a taɓa yin ANALYZE ba, SQLite bai san wannan bambanci ba. Zatonsa na asali shi ne kowace ƙima a ginshiƙin farko na fihirisa tana maimaituwa kamar sau 10. A idonsa fihirisar nan biyu tagwaye ne. Yana iya ɗaukar ta matsayi, ya shiga bin layuka dubu ɗari uku da 'yan kai ɗaya bayan ɗaya. Da an yi ƙidayar, layin sqlite_stat1 na wannan fihirisa zai nuna wani abu kamar "1000000 333334", na ɗayar kuma kamar "1000000 20", wato jimillar layuka da yawan maimaicin kowace ƙima, zancen ya ƙare.

Abin da ke ɓatar da masu bincike shi ne, idan suka sa EXPLAIN QUERY PLAN a gaban tambayar domin ganin hanyar da injin ya zaɓa, za su ga SEARCH da USING INDEX, su ce ai lafiya lau, tunda an koya musu cewa SCAN, wato bin tebur gaba ɗaya, shi ne abin tsoro. Fihirisa ce kuwa ake amfani da ita, amma ba wadda ta dace ba. Sai a ƙara wata fihirisar, injin ya sami ƙarin zaɓi a cikin duhu, rubutu kuma ya ƙara nauyi domin kowace fihirisa sai an sabunta ta a kowane shigarwa. A kwamfutar gwaji mai layi ɗari biyar duk wannan ba ya nunawa, don ko ta wace hanya aka bi, nan take ake isa.

Akwai ma dabarun da ke kulle gaba ɗaya sai an yi ƙidaya. Wata dabara da ke ba injin damar amfani da fihirisa ko da tambaya ba ta taɓa ginshiƙinta na farko ba, tana fara biya ne idan maimaicin ya kai kamar 18. Tunda zaton asali 10 ne, rumbun da ba a ƙidaya ba ba zai taɓa cin moriyarta ba, komai dacewarta da shi.

A Agustan 2013 abin da aka shuka ya tsiro. Siga ta 3.8.0 ta zo da sabon mai zaɓen hanya, wanda ke riƙe hanyoyi da dama yana gwada su maimakon cafke mafi kusa a kowane mataki. Ya fi tsohon basira nesa ba kusa ba, amma mai basira da aka hana labari yana iya kuskuren da sakarai ya tsallake bisa sa'a. Masu SQLite da kansu sun rubuta misalin haka daga Fossil, manhajarsu ta adana tarihin lambobin aiki: wata tambaya ta yi nauyi bayan sauyin, aka yi ANALYZE ta warke nan take. Duk da haka suka sake rubuta ta da CROSS JOIN, wanda a SQLite ke tilasta bin teburori yadda aka jera su, domin su tabbata za ta yi sauri ko an ƙidaya ko ba a ƙidaya ba. Wato a wannan tambaya guda sun mayar da shawara hannun mutum, kamar kafin 2005. Wannan kaɗai ya isa ya nuna girman giɓin.

SQLite yana da wani alƙawari, wanda sai an kunna shi yake aiki, cewa tambaya ɗaya za ta riƙa bin hanya ɗaya, muddin tsarin teburori bai canza ba, ƙididdiga ba ta canza ba, siga ma ba ta canza ba. Sharaɗin ƙarshen nan ne ke wahalar da masu manhajar waya, domin sau da yawa suna amfani da SQLite ɗin da ya zo da wayar ne, kuma tsohuwar waya da sabuwa ba siga ɗaya suke ɗauke da ita ba. Shi ya sa rahoton "a wayata yana jinkiri" ke da wuyar kamawa.

Batun kulle kuwa, wanda ya fi cika kunnuwa, ya fi sauƙin warwarewa. Tun Yulin 2010 siga ta 3.7.0 ta kawo tsarin rubutu mai suna WAL, inda masu karatu ba sa tare wa mai rubutu hanya, ko da yake mai rubutu ɗaya ne a lokaci guda. Ba ya zuwa a kunne, sai an kunna. Haka lokacin jira: in ba a sa busy_timeout ba, injin ba ya jira ko kaɗan. Wanda ya fara da karatu sannan ya so ya koma rubutu bayan wani ya riga shi, za a kore shi nan take ko da ya sa lokacin jira, maganinsa BEGIN IMMEDIATE, wato ya nemi damar rubutu tun daga farko. Jinkirin shigar da bayanai ma tsohon zance ne: a faifai mai juyi 7200 a minti, kammala aiki ɗai-ɗai ba ya wuce kamar 60 a daƙiƙa, alhali in an dunƙule su tsakanin BEGIN da COMMIT ana shigar da 50,000 ko fiye. Waɗannan duka suna ihu idan sun faru, ko da saƙon kuskure ko da jinkirin da ba ya ɓuya, don haka aka san su. Rashin ƙididdiga ba ya fitar da saƙo ko ɗaya.

An yi ƙoƙarin rage giɓin. A Maris 2017 siga ta 3.18.0 ta kawo PRAGMA optimize, wanda ke duba teburorin da ke bukatar ƙidaya ya yi musu ita, ya ƙyale sauran. A 2020 aka ƙara analysis_limit domin kada ƙidayar babban rumbu ta daskarar da manhaja, a Mayun 2024 kuma siga ta 3.46.0 ta sa optimize yana taƙaita kansa ba sai an gaya masa ba. Akwai kuma wata hanya ga masu son tabbas: a yi ANALYZE a kan rumbu mai kama da na gaske tun lokacin gini, a kwashe abin da ke cikin sqlite_stat1 a saka shi a kowane sabon rumbu, kowa ya bi hanya ɗaya. Shawarar da ake bayarwa yanzu ita ce manhaja mai gajeren zama ta kira optimize kafin ta rufe rumbun, mai dogon zama kamar ta sabar ta kira shi lokacin buɗewa da kuma lokaci-lokaci, sannan a kira shi bayan duk wata sabuwar fihirisa. Har yanzu dai layi ne da sai mai rubuta manhajar ya sa da hannunsa, kuma gwaje-gwajen gudu da ɓangarorin biyu ke jifan juna da su ba kasafai suke faɗin ko an sa shi ba.