Ba ƙishirwa ke kashe alobera ba

A gidajen Yamai da yawa, da an ga alobera ta langaɓe a ɗaki sai a ce ƙishirwa ce, a ɗauko buta. Alhali a ganyenta take ajiye ruwa. In ƙasa ta daɗe a jiƙe, saiwa ke ruɓewa, ganye ya yi rawaya, gindi ya yi laushi har da ɗoyi. Mai ƙishirwa kuwa, ganyenta sirancewa yake ya yamutse.

Tura yatsa cikin tukunya. In da danshi, ƙyale ta. In ta fara ruɓa, tuge ta, datse baƙar saiwar, ta sha iska kwana 2, sannan a dasa cikin ƙasa mai rairayi, a tukunya mai huji. A ajiye ta bakin taga, ba lungun bayan talabijin ba.