Dawakai ne suka fara jan taragon cikin gari

Mutane da yawa sun ɗauka cewa taragon da ke jigilar fasinjoji kan layin dogo a tsakiyar birni tare da wutar lantarki aka ƙirƙiro shi. Ba haka ba ne. Tun a 1832 aka fara irin wannan sufuri a birnin New York na Amurka, kuma dawakai ne ke jan taragon. Na lantarki bai kankama ba sai a 1888, da wani injiniya mai suna Frank Sprague ya kafa shi a birnin Richmond na Amurka.

Hikimar tana cikin ƙarfen dogon. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe tana gangarawa cikin sauƙi, don haka doki biyu kan ja mutanen da ba za su iya ja a keken doki kan titi mai gargada ba. Kuɗin shiga ya sauka, ma'aikata suka samu damar zama nesa da wurin aiki, birni ya yi ta faɗaɗa.

Dawakan dai sun sha wuya, abin tausayi. 'Yan sa'o'i doki ke iya yi a yini, shi ya sa kowane tarago ke buƙatar dawakai da dama ana canza su, ga kashinsu ya cika tituna. A 1872 murar dawakai ta ɓarke a Amurka, sufuri ya tsaya cak a New York da Boston.

Ko bayan zuwan lantarki, New York ba ta sallami dawakanta na ƙarshe ba sai 1917.